Ranar da Sanyi Ya Kashe Mista Okon a Kurmin Sarki

Jama'a, wannan abin da zan faɗa muku ba wani ne ya ba ni labarinsa ba, a gabana aka yi shi, kuma wallahi tallahi duk wanda ya ce ƙarya nake to mu haɗu gaban Allah. Na gaji da murmushin nan da ake yi mini na wai tsoho ya fara rikicewa. Ban rikice ba, ras nake.

A shekarun saba'in ne, ina saurayi da ƙarfina, ina ɗinki a kasuwar garin nan da yanzu kuke kira Suleja, mu a lokacin Abuja muka san shi, tun kafin a karɓe sunan a kai wa sabon birni. Keken ɗinkina na ƙafa ne, rumfata na layin masu yadi, ina kuma haya a unguwar Kurmin Sarki a gidan wani Alhaji Mamman, gida irin mai ɗakuna a jere suna kallon juna, tsakar gida ɗaya, bishiyar mangwaro a tsakiya, shi da iyalinsa suna can ciki ta baya. Mu 'yan haya gauraye muke, akwai Iya Bose, Bayarabiya mai sayar da shinkafa da wake a tasha, akwai wasu Inyamurai masu kayan gyaran keke, sai ni, sai wanda ɗakinsa ke jikin nawa, Mista Okon.

Mista Okon dattijo ne, Kirista, mutumin wajen Kalaba, ba mata ba ɗa, yana gyaran injin yanka katako a wajen Tafa in an kira shi. Abin da kowa ya san shi da shi kuwa shi ne kwat. Wani ƙaton baƙin kwat mai nauyi har gwiwa, cikinsa gashi ne kamar na tunkiya. Kai! A cikin watan da mu ke kwana a tsakar gida daga mu sai gajeren wando, shi zai fito da kwat ɗin nan, da hular ulu, da safar hannu, yana rawar ɗari. Yaran unguwa su bi shi suna "Baba Kwat, Baba Kwat", ba ya ko waiwaye. Ni ma da farko na ɗauka taɓin hankali ne, sai da zama ya haɗa mu, don da la'asar in na dawo kasuwa yakan kira ni ya dafa mana shayi a kan gawayi, Hausarsa irin ta 'yan kudu, ya mai da mace namiji ya mai da namiji mace, amma duk abin da ya faɗa za ka gane.

A nan ya ba ni labarin garin. Ya ce yana matashi aka tura shi ƙasar waje koyon aikin injin katako, ba babban birni ba, wani ɗan ƙaramin gari can ƙuryar arewacin duniya, bai kai Izom da ke nan kusa da mu girma ba, daji ya kewaye shi, kogi ya ratsa ta gefensa. Ya sha faɗa mini sunan garin, wallahi harshena bai taɓa iya juya shi ba. Ya ce can shekara ba irin tamu ba ce. Akwai watannin da rana ke leƙowa kamar mai satar kallo ta koma, ka tafi aiki da duhu ka dawo da duhu. Dusar ƙanƙara ta riƙa sauka kamar auduga, ba ƙara ba motsi, ka kwanta ka tashi ta rufe ƙofa, sai ka fita ta taga da shebur ka tono hanyar gidanka. Kogin nan ya daskare ya zama titi, har motar katako na bi ta kansa. In ka tofa yawu kafin ya kai ƙasa ya zama tsakuwa, in ka taɓa ƙarfe da hannu tsirara sai ya riƙe ka ya ƙi saki. Daga nan sai lokacin narkewa ya zo, gari ya zama taɓo, ruwa na ɗiga daga kowane rufi, kogi ya fashe da ƙara kamar ana harba bindiga. Sai kuma wasu 'yan watanni da rana ba ta faɗuwa sam, mutane su shuka dankali da gaggawa, sauron da ya fi namu mugunta ya fito, kafin ka ce me ganye ya koma ja da rawaya ya zube, duhu ya dawo.

Na ce, "Mista, to yanzu ai ka dawo gida, me ya rage na kwat?"

Ya ajiye kofinsa. Ya ce wata rana ya tashi daga aiki zai koma masauki, tafiyar ba ta fi daga nan zuwa kasuwa ba, iska ta taso da dusar nan har ba ya ganin hannunsa, ya ɓace a tsakiyar gari, ya yi ta yawo har ƙafafunsa suka ƙi, ya jingina da wani bango ya zauna, barci mai daɗi ya fara ɗaukarsa. Washegari mutanen garin suka tono shi da shebur. Ya ce, "Tela, sun tono ni, amma ban tabbata duka suka tono ba."

Na yi dariya a lokacin. Amma da na shekara kusa da shi ina lura, sai dariyar ta tsaya. Mutumin nan jikinsa ba ya bin lokacinmu, na can yake bi. In damina ta kankama a nan, mu muna neman mayafi, shi sai ya tuɓe kwat ya rataye, ya fito da singileti yana yin fito da baki, yana wasa da yara, ya ce can yanzu rana ba ta faɗuwa, barci ma ba ya iya yi. Da kaka ta yi sai ya fara shiru. Daga nan sai ka ga ya kunna fitilar ƙwai da rana tsaka, ka tambaye shi ya ce duhu ya yi yawa. A tsakiyar bazara kuwa, lokacin da kwanon rufi ke ƙara don zafi, na rantse da Allah na ga tururi na fita daga bakinsa in yana magana. Bangon da ya raba ɗakina da nasa kullum sanyi ƙalau, har nakan jingina bayana da shi in zafi ya dame ni.

Bai taɓa cutar da kowa ba, wannan nake so ku riƙe. Shi ke gyara wa Iya Bose risho, shi ya ɗaura wa matan Alhaji igiyar guga, in ɗan wani ya yi zazzaɓi har kai shi ake yi ya ɗora masa hannu a goshi don sanyin tafinsa.

To sai shekarar da aka ba da sanarwar za a kawo babban birnin ƙasa gefenmu. Gari ya rikice, baƙi suka fara ɓullowa, masu awon ƙasa da leburorinsu da direbobi, kowa na neman ɗaki, idon masu gidaje ya buɗe. Alhaji Mamman ya fara kallonmu kamar kayan da suka tare masa hanya. Mu matasa yana shakkarmu, Iya Bose bakinta ya fi ƙarfinsa, sai ya sa wa dattijon nan ido, wanda ba shi da kowa. Ya ce ya tashi. Mista Okon ya roƙe shi a gabana, ya cire hula ya riƙe a hannu yana karkarwa, ya ce, "Alhaji, ka yi mini haƙuri damina ta sauka, da kaina zan tafi. Wannan watan in na fita waje zan mutu, can ba wanda ke zama a waje yanzu." Alhaji ya tofar da goro ya ce, "Can ina? Nan Abuja ce, malam, ba gidan mahaukata ba."

Ana cikin haka hadarin farko na shekara ya taso da yamma, ya zo da ƙanƙara irin wadda tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba, ta kakkaɓe 'ya'yan mangwaro, ta kashe kaji, ta farfasa tukwanen da matan Gwari suka shanya, manoman hanyar Izom suka shigo kasuwa suna salati don ɓarnar da ta yi musu. Ƙanƙara kuwa ai ba ranar ta fara sauka a ƙasar nan ba, kowa ya sani! Amma mugun mutumin nan sai ya samu abin da yake nema. Ya bi majalisa majalisa yana cewa baƙon da ke gidansa ne ya jawo ta, wai yana da abin da yake kira a cikin ɗaki. Mutanen da jiya suke kai masa 'ya'yansu ya taɓa musu goshi, yau su ne ke janye yara in ya wuce. Tir! Allah wadaran halin mutane.

Ranar da abin ya faru, da safe Mista Okon ya ƙwanƙwasa bangon ya kira ni. Na shiga na same shi ya naɗe da barguna a gaban kaskon gawayi, kwat ɗin na kan gwiwarsa, kafaɗar ta yage tun daga wuya har hammata, ƙusa ce ta kama shi. Ya ce, "Tela, iska tana shiga ta nan. Ka taimake ni ka ɗinke ka dawo da ita kafin azahar, ni ba zan fita ba, zan zauna kusa da wuta." Na ce ya kwantar da hankalinsa. Ban taɓa riƙe kwat ɗin ba sai ranar. Nauyi kamar an tsamo shi daga rijiya, ga sanyi, na rataya shi a kafaɗa ina tafiya cikin rana amma gefen jikina ɗaya kamar ba nawa ba. A rumfa na ajiye aikin kowa na hau kansa, keke ya ƙi cin yadin, allura ta karye, sai da hannu na ɗinka, ina yi ina hura yatsuna, maƙwabcina mai yadi yana tambayata ko zazzaɓi ne ya kama ni.

Ban ko jira kiran salla ba na gama na kamo hanya. Rana ta take, ƙasa na ƙuna ta cikin takalmi. Tun daga bakin layi na hango mutane cirko-cirko a ƙofar gida. Na kutsa na shiga. Ashe ina fita Alhaji ya kawo ƙartai, suka watso kayan dattijon waje, suka zubar da gawayin suka watsa wa garwashin ruwa, bargunan ma suka ƙudundune suka jefa bayan katanga wai a ciki abin yake, suka fito da shi daga shi sai singileti da wando, aka garƙama wa ɗakin kwaɗo. Daga baya na ji cewa ya bi ɗakunan nan ɗaya bayan ɗaya yana bugawa yana roƙo a bar shi ya shiga, ko zani a ba shi. Ba wanda ya buɗe. Ba wanda ya buɗe, jama'a! Gida cike da mutane!

Na gan shi can jikin katangar gabas inda rana ta fi duka, ya zauna ya jingina, ya haɗa gwiwa da ƙirji, ya cusa hannuwa a hammata. Mutane sun yi nesa da shi sun zagaye, har da Alhaji da carbinsa, fuskarsa ta yi fari fat. Sai da na matso na ga abin da suke kallo. Inna lillahi. Girar mutumin nan da gashin bakinsa fari sol, kan kafaɗunsa da kansa wani farin abu ya taru kamar an zazzage buhun gishiri, ƙasan da ke kewaye da shi ma haka, faɗin tabarma guda, kuma ba ya narkewa. Ba ƙanƙara ba ce irin tamu mai dunƙule, laushi gare shi, yana ta ƙaruwa a gaban idona alhali sama ba ko ɗigon gajimare.

Na daka musu tsawa na ce, "Ku tsinannu, kallo kuke yi?" Na ware kwat ɗin na ruga na taka cikin farin abin nan.

To a nan ne abin da har yau ban san sunansa ba ya same ni. Ina sa ƙafa rana ta ɗauke. Ba duhun hadari ba, wani irin shuɗin duhu. Iska ta mare ni a fuska kamar an watsa mini allurai, numfashina ya tsaya a maƙogwaro, gashin hancina ya ƙame. Katangar Alhaji ta ƙasa ce, amma wadda na gani a bayan Mista Okon ta katako ce, jan fenti. Na ɗaga kai na hango wasu 'yan gidaje masu tsinin rufi sun nutse cikin fari har taga, fitila na ci a ciki, hayaƙi na fita ta sama, dogayen baƙaƙen itatuwa a bayansu, wani kare na haushi can nesa. Ni da ban taɓa wuce Kaduna ba, ina na san wannan da zan ƙirƙiro shi? Na yafa masa kwat ɗin, na kama wuyan hannunsa da hannun dama in ja shi, na ji kamar na kama ƙarfen rodi, tafina ya manne. Idonsa a buɗe, ba ni yake kallo ba, tagogin nan yake kallo. Na ƙwala masa kira, muryata ma ban ji ta ba.

Sai ji na yi an fizgo ni ta baya, ashe Iya Bose ce ta cafko rigata ta ja da ƙarfin tsiya, na faɗo warwas a kan ƙasa mai zafi, rana na dukan fuskata, fatar tafina ta saluɓe ta zauna a hannunsa. Kafin in miƙe farin abin ya fara narkewa, ya zama ruwa ya gangara ƙarƙashin mangwaro. Shi kuwa ya riga ya tafi. Da mutanen cocinsu suka zo ɗaukarsa sun kasa miƙe masa ƙafafu, haka suka naɗe shi a zaune suka sa a bayan mota.

Ni ban san lokacin da na shaƙo wuyan rigar Alhaji da hannun hagu ba. Na ce, "Kai ka kashe shi! Ya faɗa maka a gabana, ya roƙe ka!" Yana ta "ku riƙe shi, ku riƙe shi", aka taru aka ɓanɓare ni. Da aka je gaban mai unguwa aka ce kowa ya faɗi abin da ya gani, ku ji ikon Allah, sai gaba ɗaya suka zama makafi. Wannan ya ce zafin rana ne ya buge tsoho, wancan ya ce dama ba shi da lafiya. Na juya wajen Iya Bose na ce, "Iya, ke kika jawo ni, faɗa musu." Ta sunkuyar da kai ta ce, "Tela, ni ban ga komai ba, ina da yara, ina zan kai su?" Wallahi da mari ta kwaɗa mini da ya fi mini sauƙi. Aka ce ni ne mai neman fitina, na ci mutuncin dattijo mai gida, kafin sati ya zagayo nawa kayan ma suna waje.

Hannun kuwa ya kumbura, ya yi ƙuraje masu ruwa, yatsu biyu suka yi baƙi ƙirin suka bushe kamar itace. Likitan da ya duba ni, wani baƙo ne daga ƙasar waje, ya juya hannun ya sake juyawa, ya sa tafinta ya tambaye ni ko a gidan yin ƙanƙara nake aiki, don wannan ciwon sanyi ne ke kawo shi, kuma shi bai taɓa zaton zai gan shi a ƙasar nan ba. Na ba shi labari, tafintan ya ƙi fassarawa, ya ce kada in mai da shi abin dariya. Aka yanke yatsun. Tela babu yatsan ɗan ali babu na tsakiya, ku kwatanta da kanku. Sai da na koyi riƙon almakashi da hagu kamar sabon ɗan koyo.

Kuna jira in ce muku wani abu ya samu Alhaji Mamman ko? Ba abin da ya same shi. Ya zuba baƙi a ɗakunan, ya ƙara gina wasu, ya yi ƙiba, ya tsufa cikin jikokinsa. Wannan ita ce ke hana ni sukuni, amma akwai ranar da ba mai cewa bai gani ba.

Bayan wasu shekaru, da azumi ya faɗo cikin zafi, wata sabga ta kai ni layin, na ce bari in leƙa gidan. Da ban leƙa ba. A daidai jikin katangar nan, wurin da bawan Allah ya zauna, na tarar an jera randuna da tuluna da kwalabe, har an yi wa wurin 'yar rumfa. Ashe tun daga ranar ƙasan wurin bai sake ɗumi ba, duk abin da aka ajiye sai ya yi sanyi kamar ya fasa haƙori, matan gidan suka gano, yanzu unguwa guda ke aiko da ruwa da kunun zaƙi a sanyaya musu na buɗa baki. Mutanen da suka hana shi zani! Wata yarinya daga cikin gida, ba ta san ni ba, ta ce, "Baba, in zuba maka a kwalba ka tafi da shi? Ruwan gidanmu babu irinsa a garin nan." Ta buɗe randar, wani farin tururi ya taso a hankali, na leƙa na ga saman ruwan ya yi ɓawo. Dungun yatsuna suka ɗauki zugi nan take. Na juya na fita, don abin da ke bakina bai dace da mai azumi ba.

Ni ban san mene ne wannan ba. Na tambayi malamai, na tambayi wani fasto, kowa ya faɗi nasa, ba wanda ya gamsar da ni. Abin da zan ce muku kawai, in mutum ya ce muku yana jin sanyi, ko da kuna gumi, ku ba shi mayafi, ba sai kun gane ba. In kuma kuka shiga wani tsohon gida a Suleja da rana tsaka aka miƙo muku ruwa mai sanyin da ya wuce hankali, alhali ba ku ga firji ba, to kafin ku kai baki ku tambaya a ina aka ajiye randar.